Zanen Mama a Jikin Matattun Itatuwa

Talata, 9 ga Afrilu, da la'asar

"Lisensiyada, ba roƙonki nake yi ba, tambayarki nake yi. Ina kogon yake?"

Don Rigoberto ke nan, shugaban ƙungiyarmu ta manoman shayi, tsaye a ƙofar ofis da takalmin roba da laima a hammata. In ya kira ni Flori, to lafiya lau ne. In ya ce Lisensiyada, laƙabin da ake ba wadda ta gama jami'a, so yake in tuna ƙungiya ce ta tura ni karatun.

Na ce, "Wane kogo, Don Rigo?"

"Na tsuntsun ketsal. Obdulio ya gan ki kin sauko daga daji kina murmushi ke kaɗai."

"Ashe yanzu har murmushi sai an kawo rahotonsa ofis."

Bai yi dariya ba. Ya ce wani kamfanin yawon buɗe ido daga babban birni zai kawo masu ɗaukar hoto a farkon Mayu. In an nuna musu sheƙar ketsal da 'ya'ya a ciki, za su riƙa turo mana baƙi har ƙarshen shekara. Ya ce shayi ba ya tsada kamar da, ni ma na sani. Na ce na sani. Na kuma san bara. Bara Obdulio, abokin aikina na jagorar baƙi, ya kai irin waɗannan mutanen bakin wani kogon itace da tsani da fitilu da lasifika mai kukan tsuntsu. Sun sami hotunansu. Iyayen ba su sake dawowa ba. Ni na hau daga baya na tarar da ƙwai biyu, shuɗi-shuɗi, sun yi sanyi.

"Wannan karon za a kiyaye," in ji shi.

"To a kiyaye. Ni ban ga komai ba."

Na gani. A nan ma ba zan rubuta inda yake ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu, bayan azahar

Baƙi takwas yau, rabinsu sanye da rigunan ruwa masu tsadar da za ta ɗinke rufin cocinmu. Na bi da su yadda na saba: layukan shayi tukuna, sannan masana'anta, sannan hawan dutse zuwa inda gajimare ke shiga tsakanin itatuwa. Na ce musu ganye biyu da toho ake tsinka. Suka ce kai! Na nuna musu gansakuka a jikin reshe. Suka ce kai! Ina jin ko kashin jaki na nuna musu na faɗi sunansa na kimiyya, kai ɗin za su ce.

A gona muka tarar da Goggo Candelaria, ƙanwar babana da ta raine mu, tana tsinka da kwando a baya. Wata doguwar mata ta durƙusa ta ɗauke ta hoto, sannan ta ce in tambaye ta ko tana jin daɗin aiki a wuri mai kyau haka.

Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Da yarenmu ta ce, "Gaya mata in tana son wurin mu yi musanya. Ta ba ni gwiwoyinta, in ba ta tsaunin."

Na ce wa matar, "Ta ce barka da zuwa."

"Ƙarya kike yi musu ko?" in ji Goggo.

"Aikina nake yi, Goggo."

"Shi na ce ai."

A daji, inda hanya ta rabu biyu, na yi dama da su. Kullum yanzu dama nake yi. Wani ya tambaya ko za mu ga ketsal, tsuntsun da ke kan kuɗin ƙasarmu. Na ce sai sa'a. Ya ce a takardar talla an rubuta tabbas. Na ce to tsuntsun bai karanta takardar ba.

Da sassafe, kafin su iso, na riga na je ni kaɗai. Namijin yana ciki, jelarsa ta leƙo daga bakin kogon kamar koren ganye mai tsawo, iska tana kaɗa ta. Sai macen ta zo da ƙwaro a baki. Ba a kawo wa ƙwai ƙwaro. Sun ƙyanƙyashe.

Asabar, 13 ga Afrilu, da hantsi

Na ji gatari. Ba nesa ba.

Tun da ƙasa ta zaftare da gonar itacen ƙungiya, tanderun busar da shayi ba shi da abinci sai abin da aka samo a daji. Aka koma tsarin kakanni: ɗanyen itace ba a taɓa shi, amma matacce da ke tsaye na wanda ya riga ɗaura masa ƙyalle ne. Kowane gida da zanensa, kowa ya san na kowa. Ka ɗaura, naka ne wata guda, ka sare ka kai masana'anta a auna maka. In wata ya cika ba ka sare ba, ya koma na kowa. Sai dai ƙyallen matafiyi. Shi ba a taɓa shi sai mai shi ya dawo, ko ya aiko a kwance.

Na Aroldo yana nan kusa da mahaɗar ruwa. Yayana. Ya yago shi daga gefen zanen Mama mako guda kafin ya tafi Arewa, ƙetaren iyaka, neman aiki. Damina uku ta dake shi, ya koɗe, gansakuka ta fara cin gefensa. Masu saran itace suna kewaye shi kamar kabari.

Ba maganar Aroldo nake yi ba.

Maganar ita ce ketsal ba ya sheƙa sai a mataccen itace. Na waɗanda na gano rabinsa ruɓaɓɓe ne, amma bana ko ruɓaɓɓe sarewa suke yi. In ban ɗaura masa ƙyalle ba, gatari zai iso shi kafin 'ya'yan su yi fuka-fuki. In na ɗaura, na kafa wa Obdulio tuta ke nan: ga shi nan, bisimilla, kawo tsani.

Shekara biyar a jami'a, ba malamin da ya yi mana wannan darasin.

Lahadi, 14 ga Afrilu, da yamma

Goggo ta tsaya bayan coci wajen taron mata masu dafa miyar talotalo ta bikin gicciye. Na dawo gida ni kaɗai. Na buɗe akwatin. Zanen Mama yana ƙasa, a naɗe da ganyen ƙamshi, shuɗi mai duhu da siririn ja. Yadi takwas ne, irin na matan da.

Almakashin ya dushe. Da wuƙar girki na ƙarasa.

Na hau daji da ƙyallaye cike da jaka. Duk mataccen itacen da na sani na ɗaura masa, gabas da yamma, sama da ƙasa, masu kogo da marasa kogo, har da wani kututturen da ko gara ta gama da shi. Na daina ƙirgawa tun ina tsakiya. Nasu ma na ɗaura masa, da sauri, ba tare da na ɗaga kai ba. Yanzu Obdulio yana da tutoci. Ya zaɓa.

Ƙafafuna sun kumbura. Ban ji komai ba lokacin da nake yankawa. Na rubuta wannan ne don in tuna cewa ban ji komai ba.

Litinin, 15 ga Afrilu, da safe

Goggo ta buɗe akwatin.

Litinin ɗin dai, da la'asar

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta zauna a bakin murhu tana tafa tortiya, wainarmu ta masara, tana jefawa a kasko ɗaya bayan ɗaya, har suka fi ƙarfin cin mutum biyu.

Can ta ce, "A cikinsa aka ɗaura mata aure."

"Na sani, Goggo."

"A cikinsa na so a sa ta a ƙasa. Ita ta ce a'a, a ajiye wa Floridalma ranar nata auren."

"To ai ga shi na yi amfani da shi. Auren ne dai bai samu ba."

Ta dube ni. "Bakinki nan, 'yar nan. Shi kaɗai suka koya miki a birni?"

"Da sunayen tsuntsaye."

"Saboda tsuntsu."

"Saboda 'ya'yansa."

"Mutane ma suna da 'ya'ya," in ji ta. Ta tashi ta duba wayar da take ajiyewa a cikin kwano kusa da hoton waliyyi, ta ga tana da caji, ta mayar. Kullum sai ta duba, ko Aroldo zai kira.

Laraba, 17 ga Afrilu, bayan azahar

Labari ya gama gari. Masu saran itace sun hau sun sauko hannu biyu. A bakin masana'anta Obdulio ya tare ni, lasifikarsa a rataye a wuya kamar laya.

"Sarauniyar matattun itatuwa! Ranki ya daɗe. Yaushe za a fara sara? In kawo miki gatari, ko da biro za ki kayar da su?"

"Ara mini lasifikarka. Kukan da take yi ya isa ya kayar da itace."

"Kin san zan same shi, Flori. Ɗaya bayan ɗaya zan bi su."

"Ka ɗauki abincin rana. Akwai wanda na ɗaura a bayan kwazazzabo, sai da rarrafe."

Mun yi makarantar firamare tare da Obdulio. Ba mugu ba ne. 'Ya'yansa huɗu, kuma baƙi sun fi ba shi kyauta in sun ga tsuntsu. Na san duk wannan. Sanin bai sa na ji zan gaya masa ba.

Don Rigo ya kira ni ofis. Ya ce abin da na yi bai saɓa doka ba, ya dai saɓa hankali. Ya ce wata guda ne, ranar Litinin 13 ga Mayu duk ƙyallen da ke tsaye ya faɗi. Na ce wata guda ya ishe ni. Ɗan ketsal ba ya wuce haka a kogo.

"A wata gudan nan da me za mu hura tanderu?"

Na ce akwai itacen da aka tara.

"Na mako guda," in ji shi. "Kin iya lissafin tsuntsu, Lisensiyada."

Juma'a, 19 ga Afrilu, da asuba

Yayyafi. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 22 ga Afrilu, da yamma

Baƙi 'yan makaranta daga garin Cobán da malamarsu. Su ne baƙin da na fi so, ba sa cewa kai, cewa suke yi "Seño, malama, yaushe za mu ci abinci?" Na sa su rufe ido a tsakiyar daji su saurari ɗigar ruwa daga ganye. Wata ta ce dajin yana tauna. Na fi shekara shida ina wannan aiki, ban taɓa faɗin abin da ya kai wannan ba.

Obdulio yana bina. Ba ya ɓoyewa ma. In na yi dama ya yi dama, in na tsaya ɗaure takalmi ya tsaya kallon sama. Don haka na daina zuwa wurin. Ban san ko suna raye ba. Akwai kurege, akwai wani tsuntsu dogon-baki mai cin 'ya'yan tsuntsaye, akwai ruwan sama mai cika kogo. Na yanka zanen uwata saboda abin da wataƙila tuni wani ya haɗiye shi.

Oho. An riga an yanka.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da la'asar

Tanderu ya mutu yau.

Ganyen shayi ba ya jira. In an murza shi ya yi ja, dole ya shiga wuta a ranar, in ba haka ba ya yi tsami. Na jiya ya yi tsami. Na ga an kwashe shi da shebur an zuba a bayan masana'anta, tsibi guda, yana tururi, yana warin giyar da ta lalace. Na yau kuwa ba a karɓa ba. Mata suka sauko da kwanduna a cike, mai awo ya ce su yi haƙuri. Suka tsaya a layi duk da haka, kamar in sun daɗe a tsaye ma'aunin zai ji kunya.

Goggo tana cikinsu. Ta sauke kwandonta, ta juye shi a kan tsibin, ta kakkaɓe, ta wuce ta gabana kamar ni turke ce.

Wata daga baya ta ce, "A gaishe da tsuntsu, Lisensiyada. A ce masa yaranmu suna gaisuwa."

Ina da amsa, mai kyau ma. Na haɗiye ta. Wannan shi ne abin kirki ɗaya da na yi yau.

Don Rigo ya aika mota ƙauyen ƙasa a sayo itacen wuta na bishiyar fir. Zai riƙe tanderu kwana biyu a mako. Sauran kwanakin ganye zai tsufa a jikin bishiya.

Zan iya kwance rabin ƙyallayen gobe. In na kwance rabi, na rage wa Obdulio rabin aiki, kuma masu hoton suna hanya.

Ba zan kwance ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, da safe

Ba wanda ya amsa gaisuwata a hanyar famfo. Ruwan dai ya zubo mini kamar kowa.

Lahadi, 28 ga Afrilu, bayan coci

Fada ya yi wa'azi a kan girman kai. Bai ambaci suna ba, sai dai duk coci ta juyo ta tabbatar ina ji. Na gyara zama na yi masa murmushi. A gida Goggo ta zuba mini baƙin wake ba tortiya. Na ci haka nan.

Ta duba wayar sau uku yau. Ranar Lahadi Aroldo yake kira, da.

Laraba, 1 ga Mayu, da yamma

An cire ni daga jagora. Yanzu ina ɗakin ɗanɗano, ina zuba wa baƙi shayi a ƙananan kofuna ina wankewa. Don Rigo ya ce na ɗan lokaci ne, har in huce. Na ce ban yi zafi ba. Ya ce shi ne matsalar.

Masu hoton sun iso, su shida, da kyamarori masu dogon baki kamar bindigar harbo jirgi. Obdulio ya hau da su tun duhu bai gama washewa ba, suna bin ƙyallayen Mama ɗaya bayan ɗaya. Daga tagar ɗakin ina jin lasifikar tana kuka a cikin gajimare, kukan namijin da ba shi da jiki. Duk lokacin da ta yi shiru sai in ce sun same shi.

Sun sauko da laka har gwiwa. Ɗaya ya ɗauki hoton wani koren ganye da ya leƙo daga rami, ya yi awa yana jira ya motsa.

Na zuba musu shayi. Na ce ganye biyu da toho ake tsinka.

Juma'a, 3 ga Mayu, da la'asar

Bikin gicciye. An yi miyar talotalo, ba a aiko mana ba. Goggo ce ta yanka albasar miyar.

Ɗaya daga masu hoton, mace mai furfura da tattausar murya, ta tsaya bayan sauran sun fita. Ta ce an gaya mata ni ce na sani. Ta ce ita ba kamar su ba ce, ita kaɗai za ta je, ba fitila, ba tsani, daga nesa. Ta ce shekara ashirin tana neman wannan hoton, kuma likita ya ce kada ta sake hawan dutse bayan bana.

Na yarda da ita. Wannan ne abin haushin. Na ce mata akwai wata bishiyar fiyar daji a gefen hanya ta dama, in ta zauna ƙarƙashinta da safe ba motsi, wataƙila namijin ya zo ci. Ta ce sheƙar fa? Na ce shayinta zai huce.

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Sun tafi. Matar ta ga namijin a bishiyar fiya, ta nuna mini hoton, jelar kawai ta kama da rabin jan ƙirji. Ta yi kuka. Kamfanin ya ce zai yi tunani, wato ba zai dawo ba.

Obdulio ya shigo ɗakin ɗanɗano ya zauna kamar an zare masa laka.

"Na tsaya a gindinsa, ko ba haka ba? Gaya mini wannan kaɗai."

"Sha shayi, Obdulio."

"Allah ya isa tsakanina da ke, Flori."

"Amin. Da sukari ko babu?"

Ya tsaya a gindinsa. Na ga sawun takalminsa yau. Ya kunna lasifikar, iyayen suka yi lamo, 'ya'yan suka yi shiru, ya wuce. Sun fi mu duka wayo.

Laraba, 8 ga Mayu, da safe

'Ya'yan biyu ne. Munana ne, launin ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige, ba ja ba jela, kamar an fara yin tsuntsu aka gaji. Na farkon ya daɗe a bakin kogon, uban yana kan reshe da fiya a baki, ya ƙi kawo masa. Ya buɗe baki, uban ya ƙi. Sai ɗan ya faɗo. Faɗowa ce, ba tashi ba, sai a tsakiyar hanya ya tuna yana da fuka-fuki.

Na zauna a kan laka. Ban san tsawon lokacin ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, da safe

Na biyun ma.

Juma'a, 10 ga Mayu, da yamma

Na hau da niyyar kwance komai. Na fara daga ƙasa, ina cusa ƙyallayen a jaka, jiƙaƙƙu, wasu sun fara baƙi. Na bar nasu na ƙarshe don in yi sallama.

Macen tana ciki. Tana fito da ɓarɓashin itace da baki tana zubarwa. Na san ma'anar wannan, har jarrabawa na rubuta a kai: in na farko sun tashi da wuri, sukan sake zuba wasu ƙwai a kogon. Wata biyu kuma. Ni kuwa Litinin watana zai cika.

Na yi dariya har ta leƙo ta dube ni.

Na sauko ta mahaɗar ruwa. Na tsaya a gaban na Aroldo. Na daɗe ban tsaya ba, kewayewa nake yi kamar kowa. Itacen ya karkace, tanderu zai ci kwana uku da shi, kuma a duk makonnin nan da aka zubar da ganye ba wanda ya ko ambace shi.

Na kwance sauran. Na bar kaɗan, warwatse, nesa da juna, yadda mai nema zai gaji. Na gaya wa masu sara su hau gobe.

Asabar, 11 ga Mayu, da azahar

Hayaƙi a bututun masana'anta. Na buga wa wata ƙawata ta jami'a da ke babban birni waya. Akwai tabarma a ɗakinta, akwai kuma aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Digirina zai dace da shi sosai.

Lahadi, 12 ga Mayu, da la'asar

Taron ƙungiya a rumfar awo. Ni ce abu na uku a jerin magana, bayan taki da rufin makaranta. Don Rigo ya ce an gode da na dawo hayyacina, saura 'yan ƙyallaye, su ma gobe sun faɗi.

Na tashi na ce, "Don Rigo, ina da tambaya. Ƙyallen matafiyi fa?"

"Ba a taɓa shi. Kowa ya sani."

"To gobe da safe zan tafi. Na ajiye aiki, na kwashe kayana."

Rumfar ta ɗauki hayaniya. Obdulio ya ce wannan wasa da hankali ne. Wani ya ce babban birni ba tafiya ba ce, mota ce ta yini guda. Don Rigo ya ɗaga hannu ya ce an yi wannan doka ne don waɗanda suka tafi Arewa, ba don mai gudun gatari ba, kuma taro yana da ikon ya duba wace tafiya ce tafiya.

Sai Goggo ta tashi. Rabonta da yi mini magana tun ranar da ta juye kwando. Yanzu ma ba ni ta duba ba.

"Rigoberto, ka ce za a duba?"

"Na ce taro yana da iko, Doña Cande."

"To a duba. A fara da na ɗana Aroldo. Shekara uku ba wanda ya san ko tafiya yake yi ko ya daina. A duba nasa. Sannan a duba na ɗanka na wajen dutsen tsakiya. Ke Romelia, na mijinki. A zauna a duba wanne ne matafiyi, wanne ne ba shi ba, a sare na waɗanda ba su ba. Wa zai fara ɗaga gatari?"

Rabin rumfar nan suna da ƙyalle a daji da waya a cikin kwano.

Don Rigo ya kalli laimarsa. Sannan ya ce, "Abu na huɗu."

A hanyar gida na ce, "Goggo, na gode."

"Ba don ke na yi ba. Kuma ba don kazar dajinki ba."

Litinin, 13 ga Mayu, a cikin mota

Rubutun zai karkace, hanyar duk rami ce.

Ta riga ni tashi. Ta naɗe tortiya a tsumma, da wake, da ƙullin shayin shekaranjiya, na farko da ya fito daga tanderun. Ƙyallayen da na kwance na bar su a kwano zan zubar, na tarar ta wanke su ta shanya a igiya a saman murhu, jere kamar ƙananan kifi.

Na ce, "Me za ki yi da su?"

"Abin da ya dame ki ne? Ɗinki. Ba zai koma zane ba. Zai yi abin rufe kwando."

Na ɗauki jaka. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara mini wuyan riga da ƙarfi kamar tana jin haushin rigar.

"Saurara, Floridalma. Mutum biyu ke nan daga gidan nan da ƙyalle a daji. Ɗaya ba ya kira. Ke za ki kira."

"Zan kira, Goggo."

"Ranar Lahadi, bayan coci. Ko ba ki da abin faɗa. Ko baƙar maganarki ce, ki kira ki yi ta."

"In Don Rigo ya ce ki tambaye ni ko a kwance fa?"

"Zan ce layin ba kyau."

Yayyafi ya fara. Daga ƙofarmu ana ganin layukan shayi har inda gajimare ya yanke su, mata sun riga sun shiga da kwanduna.

"Tafi, mota ba ta jiran masu digiri," in ji ta.

Ba ta tsaya ta ga na sauka gangaren ba. Ina taka matakalar farko na ji ta ja ƙofar, ta sa sakata.